Malam Mai Taku da Rabin Gadarsa

Haihuwa da Asali

An haifi marigayi Malam Mai Taku a cikin watan Afrilu na shekarar 1946, a unguwar gangare da ke gefen gabashin birni, a zamanin da mai keke yake iya kewaye birnin kaf tsakanin hantsi da azahar. Mahaifinsa direban bas ne na kamfanin sufurin birni, wanda ya shekara ashirin da biyu yana jan layi ɗaya, daga tsohuwar tasha zuwa bakin unguwarsu, inda kwalta ta ƙare, sai ya juya. Mahaifiyarsa tela ce, mai keken ɗinki na ƙafa a gindin tagar ɗakin tsakiya, mace mai ƙarancin magana, wadda idan ta saki kalma ɗaya sai a wuni ana juya ta. 'Ya'ya biyu Allah Ya raya musu: mace wadda aka haifa a 1941, da kowa ke kira Yaya, sai kuma shi.

Unguwar gangare tana fuskantar unguwar tudu, kuma abin da ke tsakaninsu a wancan zamani wani fili ne mai ciyawa, da 'yar siririyar hanyar ƙafa da ta ratsa shi. Makaranta da kasuwa da maƙabarta duk suna tudu, famfo da tashar bas kuwa suna gangare, saboda haka da wuya mutum ya wuni bai taka wannan hanya ba. A takarda, gangare tana ƙarƙashin majalisar birni, tudu tana ƙarƙashin gunduma, iyakarsu kuma ta bi ta tsakiyar filin. Babu wanda ya san da wannan iyaka sai masu ofis, su ma sai sun buɗe durowa sun duba.

Ƙuruciya da Karatu

A shekarar 1953 aka sa shi makarantar firamare a tudu, kuma tun a makon farko ya ɗauki ɗabi'ar da ta ba shi suna, wato ƙirga takunsa a duk inda zai je. Daga ƙofar gidansu zuwa gindin babbar bishiyar da ke bakin tudu, taku ɗari biyar da ashirin ya samu a shekarar farko. Kowace shekara lissafin sai ya ragu, har wata rana ya zo wa mahaifiyarsa da labarin cewa tudu yana matsowa. Ba ta ɗaga ƙafa daga kan keke ba ta ce masa, "Ƙafarka ce ke yin tsawo. Shi ya sa kullum nake kwance maka kalmasar wando."

Malamansa sun shaide shi da natsuwa, sai dai sun koka cewa jikinsa ne kaɗai ke cikin aji. Yakan ƙura wa rufin gidaje ido ta taga har a kira shi sau uku bai ji ba, kuma bayan kowane littafinsa cike yake da zanen layin bas ɗin mahaifinsa, wanda a hannunsa ba ya juyawa a ƙarshen kwalta: yakan ratsa fili, ya hau tudu, ya kewaye birni, ya dawo inda ya taso. A 1960 Yaya ta auri wani kafinta mai gida a gindin waccan bishiya, ƙofarsu tana kallon ƙofar iyayenta. Daga baya, da ƙafar Mai Taku ta gama girma, lissafin ya tsaya a taku ɗari uku da arba'in, bai sake motsi ba.

Daga 1964 zuwa 1967 ya yi karatu a makarantar koyon safiyo da zanen taswira, inda ya fita da sakamako mai daraja. A can ne aka koya masa cewa birni ya fi ƙarfin takarda ɗaya, don haka ake yanka shi shafi-shafi, kowane da lambarsa, kuma idan hanya ko lambatu ya kai bakin shafi, sai mai zane ya sa 'yar kibiya ya rubuta lambar shafin da abin ya ci gaba a kai. Ya riƙi wannan ƙa'ida da cikakken imani irin na ɗalibi, bai taɓa tambayar wanda ke jiran kibiyar a ɗaya ɓangaren ba.

Fara Aiki da Zanen Titin Zobe

An ɗauke shi aiki a ofishin tsara birni a watan Janairu na 1968, a matsayin ƙaramin mai zane. Ofishin dogon ɗaki ne a hawa na uku, mai tebura goma sha biyu masu gangara, da manyan durowoyi masu faɗi inda ake shimfiɗa taswirori, kuma kullum yana warin tawada da ɓawon fensir. A 1969 mahaifinsa ya rasu bayan gajeriyar jinya, aka ratsa fili da shi a kafaɗa, aka binne shi a maƙabartar tudu.

A shekarar 1972, da cunkoson motoci ya shaƙe tsakiyar birni, hukumomi suka yanke shawarar gina babban titin zobe mai layi shida da zai kewaye birnin. Da aka zo gabas, majalisar birni da gunduma kowacce ta ƙi yarda titin ya ci ƙasarta, saboda haka aka ɗora shi daidai kan iyaka, kowacce ta ba da rabi. Iyakar nan kuwa ita ce bakin shafi na goma sha huɗu, wanda aka damƙa wa Mai Taku, shafi na goma sha biyar kuma yana can ofishin gunduma, a hannun wani mai zane da bai taɓa gani ba.

Tsohuwar taswirar da ake aiki da ita ba ta nuna hanyar ƙafa ba, domin masu safiyo na farko ba su ɗauke ta hanya ba. Mai Taku, da ya san ta da tafin ƙafarsa, shi ya roƙi Babban Injiniya a sa gadar masu tafiya a ƙasa a wurin, aka kuma amince. Ya shafe mako biyu yana zana ta da ƙauna: matakala mai hawa talatin da huɗu, da wurin hutawa a tsakiya saboda tsofaffi, da doron gada da ya miƙe har kan ginshiƙin tsakiyar titi. A nan takarda ta ƙare. Ya sa kibiya, ya rubuta da kyakkyawan hannu cewa ci gaba yana shafi na goma sha biyar, ya busa tawada ta bushe. Ya yi niyyar zuwa ofishin gunduma ranar Alhamis ya ga yadda suka zana nasu rabin, sai ruwa ya sauko, ya ɗage zuwa wata Alhamis, daga nan wani aiki ya taso. Tafiyar ba ta kai ta minti arba'in ba, kuma bai yi ta ba.

Aure

A watan Yuni na 1973 ya auri wata ma'aikaciyar gidan waya, ɗaya daga cikin matan da ke zama gaban allo mai ramuka suna haɗa layin masu kira. Mace ce mai fara'a da kaifin baki, ita ce kuma ta fara gano cewa mijinta ba ya iya zuwa daga gado zuwa ƙofa bai motsa leɓe ba. Ta kan gaya wa ƙawayenta cewa ta auri mutumin da ya san taku nawa ne zuwa kasuwa, amma idan ya isa sai ya manta abin da aka aike shi. Suka zauna a ɗakuna biyu na bayan gidan mahaifiyarsa, kuma Allah Ya albarkace su da 'ya'ya tsakanin 1974 da 1985.

Rabin Gada

Ɗan kwangila ya gina abin da ya gani a takarda, bai ƙara ba, bai rage ba. A ƙarshen 1974 matakala ta tashi a bakin gangare, ta hau sama hawa talatin da huɗu, ta miƙe bisa layi uku na titi, ta tsaya a kan ginshiƙin tsakiya, aka toshe bakinta da ƙarfe don kada wani ya faɗa. Daga ɓangaren tudu babu abin da ya taso ya tarye ta, domin a shafi na goma sha biyar babu gada. A 1975 aka buɗe titin, aka kafa masa dogon shingen waya hagu da dama, da katangar kankare a tsakiya.

Daga wannan rana, mai son zuwa tudu daga gangare sai ya hau bas ɗin birni zuwa tsohuwar tasha, ya sauka ya bi layi, ya sayi wani tikitin, ya hau bas ɗin gunduma ya fito ta arewa, domin motar kowace hukuma ba ta taka ƙasar 'yar'uwarta. Tafiyar takan ci awa biyu da 'yan kai. Mahaifiyarsa ba ta jure mota, jiri take yi tun kafin a bar unguwa, saboda haka zuwa gidan 'yarta ya koma sau biyu ko uku a shekara.

A makon da aka buɗe titin ta ce ya raka ta ta ga gadar. Suka hau a hankali, ta huta a wurin hutawa, ta yaba da shi, suka isa bakin ƙarfe. Ga ƙofar Yaya can a ƙetare, ana ganin shanyar da ke kan igiya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kai ka zana wannan?" Ya ce, "Ni ne, Inna." Ta shafa ƙarfen kamar mai duba yadi ta ce, "Aikin ya yi kyau. Amma ni dai ban taɓa ba mutum riga mai hannu ɗaya ba. Yaushe za ka ƙarasa?" Ya ce mata nan da shekara, in Allah Ya so, kuma da gaske ya faɗa.

Tun daga lokacin ta mayar da hawan gadar wazifa. Kowace la'asar sai ta rufe keke, ta hau, ta tsaya a bakin ƙarfe. Yaya kuma sai ta fito gindin bishiya. Ƙarar motoci ba ta barin murya ta ƙetare, sai suka tsiro da maganarsu: ɗaga farin mayafi yana nufin kowa lafiya, ɗaga shi sau biyu yana nufin akwai labari, a aiko mutum. Ta haka ta ga jikokinta na tudu suna girma, ana ɗaga mata su sama ɗaya bayan ɗaya, har suka yi nauyin da ba a iya ɗagawa. Direbobin da ke wucewa da yamma sun saba ganin tsohuwa tsaye a inda hanya ta ƙare a sararin sama, rana tana faɗuwa a bayanta, mayafinta yana kaɗawa.

Shekarun Wasiƙu da Haɗa Taswira

Tsakanin 1976 da 1979 Mai Taku ya rubuta wasiƙu ashirin da bakwai. Majalisar birni ta amsa cewa ta kammala nata rabin, kuma doka ba ta ba ta ikon aza ko bulo ɗaya a ƙasar gunduma ba. Gunduma ta amsa cewa ta binciki taswirarta ba ta ga gada ba, kuma ba ta iya ƙarasa abin da ba ta fara ba. Ma'aikatar hanyoyi ta ce kwalta ce tata, iskar da ke bisa kwalta kuwa ba a ambace ta a cikin doka ba. Duk amsoshin cikin ladabi aka rubuta su, kowace da hatiminta. Uwargidansa ta karanta su ta ce, "Ni da igiya ɗaya nake haɗa gangare da tudu sau ɗari a wuni. Ku da duk simintinku kun kasa."

A watan Oktoba na 1979 ya yi tafiyar da ya kamata ya yi shekara bakwai baya. Ya tarar da mai zanen gunduma, wani gajeren mutum mai tabarau da yawan dariya, wanda ya rantse cewa shi bai taɓa ganin shafi na goma sha huɗu da idonsa ba. Suka fita da shafukan biyu zuwa wani shagon shayi, suka haɗa tebura, suka shimfiɗa su baki da baki, Mai Taku ya maƙale su da fil ɗin ɗinkin mahaifiyarsa. Abin da suka gani ya sa shayinsu ya huce: ba gada kaɗai ba ce. Tituna huɗu, lambatu biyu da layin bas uku duk sun zo bakin takarda sun mutu, kowane da kibiyarsa tana nuna inda babu kowa. Daga ranar ma'aikata suka sa musu suna Sha Huɗu da Sha Biyar, na Mai Taku bai bi shi ba, amma na abokinsa ya zauna har ƙarshen rayuwa.

Shekara goma suka yi suna bin iyakokin hukumomi biyar da suka raba birnin da kewayensa, kowace Asabar, a ƙafa, Mai Taku yana ƙirga taku, Sha Biyar yana rubutawa. Suna tambayar mutane inda suke zuwa, da kuma inda suka daina zuwa, domin Mai Taku ya lura cewa masu hawa mota kaɗai ofisoshi suke ƙirgawa, wanda ya haƙura ya zauna a gida ba ya shiga lissafi. Daga wannan yawo suka haɗa taswira guda ta birnin gaba ɗaya, wadda ta rufe bangon ɗakinsa daga sama har ƙasa. Yakan zauna gabanta bayan sallar asuba, yana bin layuka da yatsa, yana ganin basa-basai suna kewayawa babu mai juyawa a iyaka, har sai an taɓa kafaɗarsa an ce ruwan wanka ya huce.

Rasuwar Mahaifiyarsa

A 1986 gwiwoyin mahaifiyarsa suka fara gazawa. Da farko takan tsaya a wurin hutawa, inda ya ajiye mata kujera, daga can kuma kan bishiyar kaɗai ake gani. Daga baya ta kasa ko hawa na farko, sai shi yake hawa da mayafinta idan ya taso daga ofis, ya ɗaga, ya sauko ya ce, "Inna, suna lafiya." Ba ta sake tambayarsa yaushe zai ƙarasa ba, kuma wannan shirun ya fi tambayar yi masa ciwo.

Ta rasu a watan Agusta na 1989 da hantsi. Ya hau gada ya ɗaga mayafi sau biyu, amma kafin Yaya ta zagayo ta tsakiyar birni an riga an shirya mahaifiyarta. Aka sa gawar a mota, aka bi ta tsohuwar tasha cikin cunkoso, aka fito ta arewa, awa biyu da kwata, domin a binne ta kusa da mijinta a wurin da ake hangowa daga ƙofar ɗakinta. Mai Taku ya yi kuka a cikin motar nan kamar ƙaramin yaro, kuma bai taɓa yafe wa kansa waccan Alhamis ba. Abin da ya ɗauka na gadonta tef ɗin awonta ne, wanda ya zauna a aljihunsa har ƙarshen rayuwarsa.

Ɗaukaka da Kafa Hukumar Sufuri

A 1991 aka naɗa shi mataimakin shugaban sashen tsare-tsare. A watan Mayu na 1994, lokacin da shugabannin hukumomi biyar suka hallara don tattauna matsalar cunkoso, bayan an gaji da jawabai, ya gayyace su cin abincin rana a gidan yayarsa, ya ce gidan yana kusa. Ya kai su gangare, ya hau da su rabin gada, ya nuna musu Yaya tana ɗaga mayafi, ana hango tukwane a kan wuta. Sannan ya sauko da su, ya sallami direbobinsu, ya saya wa kowa tikitin bas. Sun tsaya a layi a tsohuwar tasha cikin rana, manyan mutane da manyan riguna, suka isa tudu bayan la'asar. Yaya ta shimfiɗa musu tabarma ta ce, "Ku yi haƙuri, abinci ya huce. Tun da na gan ku na sauke, na manta ku ma sai kun zagayo."

Ba abincin nan kaɗai ya yi aikin ba, amma waɗanda suka ci shi sun ce daga nan aka daina jawabi. A 1998 aka kafa hukuma guda mai kula da sufuri da tsarin birni da kewayensa, aka ɗauki taswirar bangon ɗakinsa ta zama tushen aiki, aka naɗa shi daraktan tsare-tsare, Sha Biyar kuma mataimakinsa. A 2001 aka fara tikiti ɗaya ga kowace mota, aka buɗe layin bas mai kewaye birni, wanda ya rage tafiyar gangare zuwa tudu ta koma minti hamsin.

A nan ne ya yi kuskurensa na biyu, wanda na mutanen kirki ne. Da aka ce ya jera ayyukan da za a yi bisa muhimmanci, ayyuka sittin da ɗaya, sai ya sa gadarsa a ƙarshe, don kada a ce darakta ya fara da ƙofar gidansu. Sha Biyar ya yi masa magiya, uwargida ta yi faɗa ta ce, "Kunyar me kake ji? Kai kaɗai ne a unguwar?" Ya ce za a zo kanta. Ya yi ritaya a watan Janairu na 2003, ana kan aiki na goma sha tara.

Shekarun Ƙarshe

Bayan ritaya ya gaji wazifar mahaifiyarsa. Kowace la'asar yakan hau da kujerarta, ya zauna a bakin ƙarfe, Yaya kuma, wadda mijinta ya rasu a 2004, takan fito gindin bishiya da sanda. Ga waya a aljihun kowannensu, amma ba su daina ɗaga mayafi ba. Ya gaya wa autarsa cewa idan ya daɗe yana kallon motoci sai ƙararsu ta ɗauke, ya ga ciyawa ta dawo, ya ga Inna ta wuce shi da ƙullin ɗinki a ka, ta bi ta cikin ƙarfe, ta ci gaba da tafiya a kan iska hankali kwance har ta sauka a tudu.

A 2011 layi ya zo kan aiki na sittin da ɗaya. Aka kafa ginshiƙai a tudu yana kallo, amma a watan Disamba ciwon zuciya ya kwantar da shi, aka kai shi asibiti. A ƙarshen Fabrairu na 2012 rabin biyu suka haɗu, sai aka tarar sabon ya fi tsohon tsayi da yatsa huɗu. Dalili kuwa shi ne, tun asali birni yana auna tsayin ƙasa daga wani dutsen awo da ke tsohuwar tasha, gunduma kuma daga wani da ke gindin tankin ruwa, kuma masu ginin sun ɗauki tsayi daga tsohon shafi na goma sha biyar.

Sha Biyar ne ya kai masa labarin a gadon asibiti, yana juya hula a hannu. Mai Taku ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Ashe har yanzu ni da kai ba mu daidaita ba." Abokinsa ya ce injiniyoyi za su sa faifan ƙarfe su shafe wurin kafin bikin buɗewa. Ya ce, "Su sa, saboda tsofaffi. Amma Inna ba za ta ga aibu ba. Hannun riga dole a ga wurin haɗi." Ya zaro tef ɗin awo daga ƙarƙashin matashi ya ba autarsa, ya ce ta je ta auno masa yatsun nan huɗu, ta kuma ƙirgo taku daga ƙofa zuwa ƙofa. Ta dawo ta ce ɗari huɗu da goma sha ɗaya, har da matakala. Ya rufe ido yana motsa leɓe, an daɗe, sannan ya ce a mayar da shi gida.

Wafati da Jana'iza

Malam Mai Taku ya rasu a gidansa da ke gangare ranar Talata, 13 ga Maris, 2012, da hantsi, yana da shekara sittin da biyar, ana sauran kwana tara a buɗe gadar, bai kuwa taɓa taka sabon rabinta ba. Autarsa ta hau ta ɗaga mayafi sau biyu. Mai gadin wurin ya janye shingen da hannunsa ba tare da ya nemi izinin kowa ba, Yaya ta hawo da sandarta, tana hutawa, ta ƙetare, ta iso kan ƙaninta cikin kwata ɗaya na awa, tun jikinsa bai huce ba.

Bayan azahar aka yi masa sallah a bakin matakala, aka ɗauke shi a kafaɗa aka hau, mutanen gangare a baya, mutanen tudu suna jira a ɗaya gefen. Faifan ƙarfe bai riga ya iso ba, saboda haka Sha Biyar ya tsaya a wurin haɗi, hawaye yana bin ƙasan tabarau, yana ce wa kowane mai ɗauka, "A ɗaga ƙafa, a ɗaga ƙafa." Aka binne shi a maƙabartar tudu, kusa da mahaifinsa da mahaifiyarsa.

Ya rasu ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: babban, malamin makarantar sakandare, mai bi masa, ma'aikaciyar jinya, na uku, makanikin basa-basai a garejin hukumar sufuri, sai auta, mai safiyo, wadda tef ɗin awo yake hannunta. Ya bar jikoki goma sha ɗaya. Ya kuma bar yayarsa, wadda kowace la'asar take ninke farin mayafi a kafaɗa, ta ɗauki sanda, ta sauko gangare a ƙafa ta sha shayi da matar ƙaninta.